Ana ɗaukar hapis a wurin aiki ta kofi, waya ko banɗaki?

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan muna ofis ɗaya da wata baiwar Allah. Teburinmu ɗaya, wayar ofis ɗaya, banɗaki ɗaya, wani lokaci har kofi mukan yi aro. Kwanan baya ƙuraje suka feso mata a leɓe, ta je asibiti aka ce mata hapis ne. Mutum ɗaya ta faɗa wa, kafin a tashi aiki magana ta zaga ofis. Yanzu ana ta cewa ciwon saduwa ne, wasu sun daina miƙa mata hannu, har an fara shawarar a je wurin shugaba a ce ya sauya mata wurin zama. Ni kuma ina da cikin wata biyar, hankalina a tashe yake. Zan iya ɗauka ta waɗannan abubuwa da muke haɗawa? Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Zama a tebur ɗaya, ɗaga waya ɗaya, danna kwamfuta ɗaya, musabaha, shaƙar iskar ɗaki ɗaya, shiga banɗaki bayan ta fito, babu ko ɗaya a cikinsu da zai sa miki hapis. Na daɗe ina duba masu ciwon fata, kuma ban taɓa bin diddigin ciwon wani na tarar da kujerar ofis ko murfin masai a ƙarshen sawun ba. Kofi da cokali da jan-baki suna da 'yar magana, zan zo kansu. Akwai kuma sana'o'in da da gaske ake kwasar wannan cuta a bakin aiki, su ma zan faɗa miki su dalla-dalla, don kada ki ɗauka lallashin ki kawai nake yi. Aikin ofis dai ba ya cikinsu.

Hapis ƙwayar bairas ce, iri biyu 'yan gida ɗaya. A takardar gwaji za ki ga an rubuta HSV-1 ko HSV-2. Na farkon shi ne mai fesowa a leɓe da kewayen baki, wanda tun muna yara muke ji ana cewa zazzaɓi ne ya fito wa mutum a baki. Na biyun ya fi zama a al'aura, kuma kusan kullum ta saduwa ake ɗaukarsa. Suna ɗaya ya haɗa su, shi ya sa da mutane sun ji an ce hapis sai zuciyarsu ta tafi can. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da HSV-1, wato kashi 64 cikin 100. Masu HSV-2 tsakanin shekara 15 da 49 kuwa sun kai miliyan 520, kashi 13 cikin 100. Ki auna wannan da ofishinku. Idan ku goma ne, kusan shida na yawo da irin ƙwayar da ke leɓen abokiyar aikinki, kuma babu mamaki har da masu janye hannu idan ta zo gaisawa. Yawancinsu tun suna ƙanana suka samu, daga sumbar uwa ko uba ko wani ɗan'uwa mai ƙauna, ko daga wasan yara da yawunsu ke haɗuwa. Wasu ba su taɓa ganin ko ƙurji ɗaya ba, don haka ba su san suna da ita ba. Saboda haka ƙurajen leɓe ba sa ba da labarin komai game da tarbiyyar mace ko yadda take tafiyar da rayuwarta, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, da ƙwayar ta shiga ta leɓe sai ta bi jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga fuska, ta haura zuwa wani ƙullin jijiyoyi da ke gindin ƙoƙon kai, ta kwanta a can. Ta al'aura kuma a ƙullin jijiyoyin ƙasan ƙashin baya take laɓewa. Garkuwar jiki ba ta iya fitar da ita daga wannan maɓoya, amma tana danne ta. Ranar da garkuwar ta ɗan yi sanyi, saboda zazzaɓi, ko mura, ko gajiya da damuwa, ko zafin rana mai yawa, ko lokacin al'ada, sai ƙwayar ta farka ta biyo jijiyar nan ta sauko inda ta saba. Mai ita zai fara jin ƙaiƙayi ko raɗaɗi a wurin, kwana ɗaya ko biyu ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a dunƙule, su fashe, su yi ɓawo, cikin kwana 7 zuwa 10 su warke. Kin ga ke nan mai yiwuwa ne tun ranar da kuka fara zama tare, shekara uku da suka wuce, tana ɗauke da abinta. Sabon abu kawai shi ne yanzu an ba ciwon suna.

To me ya sa kayan ofis ba sa ɗaukar ta su kai wa wani? Wannan ƙwaya tana lulluɓe ne da wata siririyar riga ta maiƙo, kuma da rigar take manne wa jikin mutum ta kutsa ciki. Rigar nan ba ta da ƙwari ko kaɗan. Bushewa na lalata ta, sabulu na narkar da ita, sinadarin goge hannu mai barasa da ruwan bilic duk suna kashe ta. Da rigar ta yage, ƙwayar ta zama gawa. Bayan haka, ko tana da rai sai ta sami ƙofa. Lafiyayyar fatar tafin hannu, ko ta cinya, ko ta mazaunai, ganuwa ce da ba ta iya hudawa. Ƙofofinta su ne fatar nan mai laushi da danshi ta leɓe da cikin baki da ido da al'aura, ko kuma wurin da fata ta tsage ko ta ƙuje. Kuma galibi sai an yi gugar jiki da jiki, ɗumi da danshi na nan, kafin ta wuce daga wani zuwa wani da yawan da zai kama.

Za ki iya karantawa a wani wuri cewa an gwada a ɗakin bincike an ga ƙwayar ta yi sa'o'i da rai a kan roba ko tufafi. Gaskiya ne. Amma a can da gangan ake zuba ta da yawa, a tsare mata yanayin da take so, sannan a dawo da na'ura mai gano ko ɗan ragowa. Samun ragowa a kan abu daban, kamuwar mutum daban. Ki duba masai irin na zama: cinya da mazaunai ne ke taɓa shi, ba wurin da ƙurajen suke ba, kuma saman nasa busasshe ne mai sanyi. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta faɗa ƙarara cewa ba a ɗaukar hapis na al'aura daga kujerar masai, ko zanen gado, ko wurin ninkaya, ko sabulu. Ba ta bin iska kamar mura, sauro ba ya kai ta, kuma takardar da ta miƙo miki ko alƙalamin da ta ara ba su ɗauke da komai.

Kofi ne inda zan rage murya in faɗi gaskiya yadda take. Idan ƙurajen na da ruwa, ta kurɓa, ta miƙo miki nan take ki sa leɓenki inda nata ya tashi, yawu bai bushe ba, to a nan duk sharuɗɗan sun haɗu: ƙwaya mai rai, danshi, da ƙofa. Haɗarin ƙarami ne idan aka kwatanta da sumba, amma ba zan ce miki babu shi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ke nan, mai ƙuraje a baki ya guji haɗa abin da ya taɓa yawu da wasu. Haka robar ruwa, cokali, tsinken zuƙar abin sha, jan-baki, man leɓe, da tawul ɗin goge fuska mai danshi. Maganin wannan bai wuce kowa ya riƙe kofinsa ba, kuma da ma can haka ya fi, ko don mura. Kofin da aka wanke da sabulu ya bushe kuwa ki sha da shi hankali kwance. Ba ya buƙatar tafasawa, balle a jefar.

Akwai abin da nake so masu neman a sauya mata wuri su sani. Wannan ƙwaya kan fito a yawu ko a saman fata wasu ranaku ba tare da ƙurji ko alama ba, kuma da yawan masu kamuwa a irin waɗannan ranakun suke ɗauka daga wanda suke sumba ko saduwa da shi. Idan da zama kusa na yaɗa ta, ai da sai a raba fiye da rabin ofis da juna, don ba a san wa ke fitar da ita yau ba. A cikinku duka, ita da ta san abin da ke jikinta, take kiyaye kofinta take wanke hannu, ba ita ce abin tsoro ba.

Yanzu ga sana'o'in da na yi miki alkawari. Na farko su ne masu sa yatsa a bakin mutane: likitocin haƙori da mataimakansu, masu sa majinyaci barci a tiyata, da ma'aikatan jinya masu zuƙe majina daga maƙogwaron marasa lafiya. Idan akwai 'yar tsaga a gefen farce, yawu mai ƙwayar ya shiga, sai yatsan ya kumbura ya yi ja, ya riƙa zogi mai tsanani, ƙananan ƙuraje masu ruwa su jeru a kai, wani lokaci har da zazzaɓi da kaluluwa a hammata. A ido kamar ɗan-karkare yake. A shekarar 1959 wasu likitoci a Landan suka wallafa rahoto a mujallar Lancet kan ma'aikatan jinya masu yawa da wannan ciwon yatsa ya kama, waɗanda ke kula da marasa lafiya masu bututun numfashi a wuya, kuma tun daga lokacin aka san shi a matsayin ciwon da aiki ke jawowa. Abin kan juya kuma ya koma kan majinyata. A wani rahoto da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 1984, wata ma'aikaciyar wanke haƙori da ke aiki ba safar hannu, ciwon na hannunta ba ta sani ba, ta duba mutum 46 cikin kwana huɗu, 20 daga cikinsu suka kamu da hapis na baki. Abin da ya rage wannan matsala sosai shi ne safar hannu, wadda ta zama wajibi a asibitoci a ƙarshen shekarun 1980 saboda cutar ƙanjamau.

A nan ina da roƙo ga duk ma'aikacin lafiya da ya karanta wannan. Irin wannan yatsa ba a tsaga shi. Ɗan-karkare na bakteriya yana tara mugunya, a kan buɗe shi a fitar. Na hapis ba mugunya a ciki, tsagawa sai ta ƙara yaɗa ƙwayar, ta buɗe hanya ga wata cutar, ta jinkirta warkewa. Na taɓa karɓar wata ma'aikaciyar jinya da aka tsaga wa yatsa har sau biyu aka ɗora ta a kan maganin bakteriya, tana kuka da zogi, alhali da an bar shi an rufe, an ba ta maganin da ya dace, da cikin mako biyu zuwa uku ya warke da kansa. Ƙa'idar CDC ga ma'aikatan lafiya a bayyane take: mai hapis a yatsa ya dakata da taɓa marasa lafiya har ya warke, mai shi a leɓe a duba ko za a janye shi na ɗan lokaci daga jarirai da masu raunin garkuwa, mai shi a al'aura kuwa ba a hana shi komai. Ki lura da wannan na ƙarshe. Ko a asibiti, inda aka fi ko'ina tsanani, ba a ɗauki hapis na al'aura a matsayin dalilin taɓa aikin mutum ba, balle a ofis da ake harkar takardu.

Na biyu su ne 'yan wasan da jiki ke gugar jiki, musamman kokawa da ragbi. Gumi, ƙujewar fata, kai na gugar kai, sai ƙwayar ta tashi daga fuskar wannan ta shiga wuya ko kunci ko goshin wancan. A shekarar 1989, a wani sansanin horar da matasa 'yan kokawa a jihar Minesota ta Amurka, 60 daga cikin 175 suka kamu, kuma yawancin ƙurajen a kai da wuya suka fito, daidai inda jiki ke haɗuwa. Shi ya sa a gasa ake duba fatar ɗan wasa kafin ya shiga fili. Masu yi wa mutane kwalliya ma su kula, jan-baki ɗaya ko buroshin leɓe ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ba daidai ba ne, haka reza ɗaya a fuskoki biyu.

Akwai wani na dabam da ba safai ake jin sa ba, amma ya fi duka muni. Birai irin makak suna da nasu hapis ɗin da ake kira bairas B. A jikin biri ƙaramin ciwo ne, a jikin mutum kuwa yana iya hawa ƙwaƙwalwa ya kashe. An gano shi ne bayan rasuwar wani likita mai bincike, William Brebner, a Niyok a 1932, bayan biri ya cije shi a wurin aiki. Wannan ya shafi masu aiki da irin waɗannan birai ne kawai, a ɗakin bincike ko gidan namun daji. Duk wanda irin birin ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Tunda kina da ciki, akwai tambaya ɗaya da zan so ki yi wa abokiyar aikin taki cikin sirri da ladabi: wane hapis ɗin likita ya ce? Dalili kuwa, dangin hapis gaba ɗaya na da 'ya'ya takwas masu kama mutum, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mai kawo ƙarambau. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙwayar na kwance a jijiyoyinsa, bayan shekaru ta kan farka ta fito da ƙuraje masu zafi a jere kamar ɗamara, a gefe ɗaya na ƙirji ko baya ko fuska. Likitoci na kiran wannan hapis zosta, sai wanda bai sani ba ya haɗa shi da na saduwa, alhali ba ruwansa da saduwa. Ruwan ƙurajen zosta na iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba kuma ba a yi masa rigakafi ba ƙarambau, har sai sun yi ɓawo. Ƙarambau ɗin kanta kuwa ta iska take bi, tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito, kuma a jikin mai ciki ba abin wasa ba ce, ga uwa ga ɗa. Yadda kika kwatanta, ƙananan ƙuraje a leɓe, HSV-1 ne kusan tabbas. Amma idan ta ce zosta ne, ke kuma ba ki da tabbacin kin yi ƙarambau, ki gaya wa masu awon cikinki a cikin kwana ɗaya ko biyu, don akwai gwajin jini da maganin kariya da ke aiki idan an hanzarta.

Wani ɗan gidan kuma, CMV, shi ne ya kamata mata masu ciki da ke aikin renon yara su sani. Yana cikin yawu da fitsarin ƙananan yara, babba ba ya ma jin ya kamu, amma yana iya ratsawa zuwa ɗan tayi ya taɓa jinsa. Wanke hannu bayan canza ƙunzugu ko goge hanci, da barin cin ragowar yaro, su ne kariyar. Ba aikinki ba ne, na kawo shi ne don masu karatu da wannan ya shafa.

Game da HSV da cikinki, ga inda haɗarin gaske yake. Jariri ya fi kamuwa ne a lokacin haihuwa, idan ƙwayar na hanyar da zai biyo. Mafi hatsari shi ne uwa ta kamu da hapis na al'aura karo na farko dab da haihuwa, jikinta bai gama haɗa garkuwar da zai ba jaririn ba. CDC ta ce a irin wannan hali yiwuwar jariri ya kamu na kai kashi 30 zuwa 50 cikin 100, alhali ga uwar da ta daɗe da shi bai kai kashi 1 ba. Wannan kuwa ba daga ofis yake zuwa ba, daga shimfiɗa yake zuwa. Don haka idan maigidanki na yin ƙurajen leɓe ko na gaba, ku faɗa wa likita, kuma a watanni ukun ƙarshe ku kiyaye, har da kusantar baki da al'aura, domin HSV-1 na leɓe kan sauka can ta wannan hanya. Babu abin kunya a yi wa likita wannan bayani.

Wannan ya kawo ni ga wata magana da ba ki tambaya ba, amma ita ce ke ɓoye a bayan wannan tambaya sau da yawa idan wasu suka kawo ta. Miji ko mata su ga ƙuraje a gaba, gwaji ya ce hapis ne, sai ɗaya ya ce a banɗakin wurin aiki na kwaso. Wanda aka gaya wa ya zo yana tambaya ta ko hakan na yiwuwa, kuma ina ganin a idonsa cewa aurensa ne ya ɗora a kan amsata. Ba na yi masa ƙarya: ba daga banɗaki ba ne. Amma ba na barin sa ya fita da rabin magana, domin rabin nan na iya rushe gida a kan zalunci. Ƙwayar na iya kwanciya shekara da shekaru ba ta nuna kanta ba, ta fito yau alhali tun kafin auren aka ɗauke ta, ko a auren baya. Mai yiwuwa ma wanda ke tuhumar shi ne ya kawo ta bai sani ba, don da yawan masu HSV-2 ba su taɓa ganin alama ba. Mai yiwuwa kuma daga leɓen ɗayansu ta sauka. Babu gwajin da zai faɗi ranar da mutum ya kamu ko wanda ya sa masa. Wanda ya ce banɗaki ne, wataƙila shi ma neman bayani yake ga abin da ya ɗaure masa kai. Zato zunubi ne, an ce, ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan ciwo zaton kan zama kuskure sau da yawa.

Kada ki ruga yin gwajin jini saboda abin da ya faru a ofis. Gwajin jini alamar garkuwa yake nema, ba ya faɗin inda ƙwayar take ko yaushe ta shiga. Idan ya nuna kina da HSV-1, kin shiga sahun biliyoyin mutane ke nan, kuma kusan tabbas tun yarinta. Na HSV-2 kuma wani lokaci yakan nuna akwai alhali babu, ya jefa mutum cikin tashin hankali a banza. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a dangwali ruwan ƙurjin tun yana sabo a nemi ƙwayar kanta. Ba ƙurji, ba abin dangwala. Kuma ba kowane ciwon baki ne hapis ba: tsagewar gefen baki da farin gyambon cikin kunci da kan zo ya tafi, yawanci wasu abubuwa ne dabam da ba sa yaɗuwa.

Ita abokiyar aikin taki, abin da ke kanta kaɗan ne. Ta bar taɓa ƙurajen ko ɓamɓare ɓawon, ta wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta shafa magani, ta riƙe kofinta da tawul ɗinta har ƙurajen su bushe, kada ta sumbaci kowa a kwanakin. Ta kiyayi kai hannu ido bayan ta taɓa leɓe, domin hapis na iya kama fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, kuma yana cikin manyan cututtukan da ke lalata gani ta wannan hanya. Ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, sai likitan ido a ranar, kuma kada a ɗiga wani magani da ka, musamman masu sitiroyid. Akwai maganin asiklobir, wanda a kwali ake rubuta aciclovir, da 'yan'uwansa. Ba ya fitar da ƙwayar daga jijiya, amma idan an fara shi tun ana jin ƙaiƙayin farko yana rage kwanaki da zafi, kuma mai yawan samun fesowar ana iya ɗora shi a kan na kullum. Maganin bakteriya ba ya yi masa komai. Ba ta buƙatar hutun rashin lafiya, sai idan zazzaɓi ya kwantar da ita. Wanda zai ƙara kula a kusa da ita shi ne mai ekzima, wato ciwon fata mai ƙaiƙayi, da fatarsa ta tsattsage, ko mai shan maganin daji ko na dashen ƙoda, su ma taɓa ƙurajen ne abin gudu, ba zama a ɗaki ɗaya ba.

Maganar zuwa wurin shugaba kuwa, ina roƙon ki kada ki sa hannu a ciki, in ma da hali ki hana. Babu hujjar likitanci ko ɗaya da za a sauya mata wuri a kai. Ciwon da ke leɓenta zai warke cikin mako ɗaya da 'yan kwanaki, amma sunan da aka laƙaba mata a ofis zai iya bin ta shekaru, ya kai gidan aurenta ko ya hana ta wanda za ta aura. Na ga waɗanda suka ajiye aiki a kan irin wannan, na ga wadda ta daina zuwa asibiti gaba ɗaya don kada a sake jin sirrinta. Amana ta ba mutum ɗaya aka ci, kuma lafiyar ma'aikaci sirrinsa ce, ba abin tattaunawa a taron ofis ba. Idan shugaban ya riga ya ji, abin da ya dace ya yi shi ne ya tsawatar a bar maganar, ya tabbatar akwai sabulu a banɗaki, kowa da kofinsa, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ke kuma da kuka yi shekara uku tare, gaisuwarki da hannu a gaban mutane gobe da safe za ta yi aikin da bayanina ba zai yi ba.

Saura bayan kin sauka. A makonni shida na farko garkuwar jariri ba ta yi ƙwari ba, kuma hapis da ke zama ƙaramin ƙurji a leɓen babba na iya shiga jininsa da ƙwaƙwalwarsa. Ba kasafai yake faruwa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan jarirai 10 cikin kowace haihuwa 100,000, amma idan ya faru yana kisa ko ya bar naƙasa. Duk mai ƙurji a leɓe, abokiyar aiki ce, kaka ce, mahaifinsa ne, ko ke da kanki, kada ya sumbace shi, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya ɗauke shi. Idan ke ce ƙurjin ya fito wa, ki sa takunkumi ki ci gaba da shayarwa, sai dai in ƙurjin a kan nono yake, to wannan ɓangaren a dakata da shi a nemi likita. In kuwa jaririn ya yi zazzaɓi, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya farkawa da sauƙi, ko kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a fatarsa ko ido ko baki, kada ki jira gari ya waye. Ki kai shi asibiti a lokacin, ki kuma gaya musu idan wani mai ƙurjin leɓe ya kusance shi, domin maganin ta jijiya ake ba shi kuma sa'o'in farko ne suka fi tsada. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.